Harsashin da ake cizo kafin a halba: daga Turai da Indiya har zuwa Tirmini

Yau tarihi za mu taɓa, kuma daga hawan Sallah za mu faro.

Duk wanda ya taɓa tsayawa ƙofar fada ranar hawa ya san 'yan bindigar sarki. Tun ba ka gan su ba za ka ji su: ƙara guda kamar an tsaga sama, farin hayaƙi ya turnuƙe, dawaki su zabura, yara su watse da gudu su kuma dawo suna dariya. Amma mutum nawa ne cikinmu suka taɓa tsayawa suka kalli abin da ɗan bindiga yake yi tsakanin halbi da halbi? Zai kafa gindin bindiga ƙasa, ya ciro albarushi daga gora ko ƙaho, ya zuba a tafin hannu, ya auna da ido, ya ɗura ta baki, ya cusa tsumma, ya ɗauko sanda ya yi ta dannawa. Kafin ya gama, wanda ke kusa da shi ya sha ruwa ya goge baki. Mu nan wannan bindiga muna ce mata bindigar toka, wasu su ce adaka, wasu baushe, wasu kuma da zolaya su ce halba-ka-ruga.

To irin wannan bindiga mai ɗuri ta baki, da ita Turawa suka yi yaƙe-yaƙensu shekara wajen 300. Da ita Napoleon ya zagaye Turai. Sai mutum ya ce: yaya aka yi soja dubu hamsin suka tsaya a fili suna wannan awo da ido, ga dawakin abokan gaba sun taso? Amsar ita ce ba su yi ba. Sun yi dabara da abin da ba wanda zai zata, wato takarda.

Ku duba kalmomin ma kansu. Bindiga, albarushi, harsashi, duk ukun daga Larabci suka shigo bakinmu, alamar hanyar da kayan suka biyo kafin su iso mu. Harsashi asalinsa sunan darma ne, ƙarfen nan mai nauyi da ake narkawa a yi ƙwayar halbi. Ita kuwa kalmar da 'yan lakwal da sojojinmu suka sani, kartush, daga harshen Italiya Faransawa suka aro ta, kuma tushenta takarda ne, takardar da aka naɗe. Har yau sojan da ke cewa kartush yana riƙe da jan ƙarfe a hannu, amma bakinsa takarda yake faɗi bai sani ba.

Yadda ake yin sa babu wani sihiri. Ana samun ɗan itace mai santsi, kaurinsa daidai da ramin bindiga. A yanka takarda gefe guda a karkace, a naɗe ta jikin itacen ta zama kamar ɗan bututu. A sa ƙwayar darma a ƙarshe guda, a ɗaure da zare. A zare itacen, a zuba albarushi da ma'auni, awo ɗaya ga kowane harsashi, ba ƙari ba ragi, sannan a lanƙwashe bakin takardar a murɗe kamar yadda mai ƙuli-ƙuli ke ƙulle leda. A haɗa goma-goma a ɗaure, a jera cikin jakar fata da soja ke ratayawa a ƙugu. Shi ke nan. Tun ƙarshen ƙarni na 16 aka fara ganin sa a Turai, kuma sarkin Suwidin Gustavus Adolphus, wanda ya mutu a fagen fama a 1632, yana cikin waɗanda ake jingina wa yaɗuwarsa a rundunoni. Zuwa ƙarni na 18 ya zama ruwan dare.

Wajen halbi kuwa, hannun hagu yana riƙe da bindiga, na dama ya ciro harsashi daga jaka. Hannu na uku babu. Don haka sai haƙori: soja ya ciji wutsiyar takardar ya yage, ya tsiyaya ɗan albarushi kaɗan cikin wani ɗan kasko da ke gefen bindiga kusa da ƙanƙara, ya rufe, ya juye sauran cikin bututu, ya cusa takardar da ƙwayar gaba ɗaya, ya danna da sanda. Takardar nan ita ce ta tsaya matsayin tsumman ɗan bindigarmu. Ya ja kunama, ƙanƙara ta bugi ƙarfe kamar ƙyastu, tartsatsi ya faɗa kasko, wuta ta bi ɗan rami ta shiga ciki. Sojan Faransa mai bindigar 1777 ana koya masa wannan aiki a motsi goma sha biyu, ana maimaita masa har ya iya yi cikin barci. Wanda ya gwanance yana halbi biyu zuwa uku a minti guda.

Wani abin dariya da ban tausayi: tun da aikin na haƙori ne, mai giɓin gaba ba ya shiga soja. Zamanin da ake kamun soja dole a Faransa, akwai samarin ƙauye da suka riƙa fasa haƙoransu na gaba da gangan don su tsira. A yaƙin basasar Amurka ma, 1861 zuwa 1865, likita sai ya duba bakin mutum kafin a ɗauke shi. Kuma bayan an wuni ana fafatawa, bakin kowane soja baƙi ƙirin yake da albarushi, ga ƙishirwa mai tsanani, don albarushi akwai gishiri cikinsa.

Amfanin wannan 'yar takarda ya wuce sauri. Na farko, awo. Tsoro ya kama mutum ko bai kama shi ba, abin da ke cikin takarda shi zai zuba. Na biyu kuma, wanda mahalbanmu za su fi ganewa: bayan an halba, wani lokaci garwashi yakan saura can cikin bututu. In ka kafa bakin gora kai tsaye kana tsiyayawa, wutar na iya hawowa ta kama gorar duka a hannunka. In takarda ce, abin da zai kama awo ɗaya ne kawai. Yatsu na iya ƙonewa, amma hannu yana nan.

Duk da haka ba a ce ta magance ruɗewa ba. Bayan yaƙin Gettysburg a 1863 an tsince bindigogi sama da 27,000 a filin, aka tarar wajen 24,000 da ɗurinsu, kuma aƙalla rabin waɗannan an ɗura musu fiye da sau ɗaya. Wato cikin hayaƙi da kururuwa mutum ya ja kunama, bindiga ba ta tashi ba, bai ma ji ba, ya ƙara wani harsashi bisa na farko.

Su waye ke naɗa waɗannan miliyoyin takardu? Galibi mata da yara, don an ce yatsunsu sun fi sauri kuma ladansu ya fi araha. Ranar 17 ga Satumba 1862, a wata ma'aikatar makamai ta Allegheny kusa da birnin Pittsburgh, wuta ta kama, mutum 78 suka mutu, yawancinsu 'yan mata. Ranar ce kuma aka yi gumurzun Antietam, sai labarin sojoji ya danne nasu a jaridu. Ita takardar ma kanta yaƙi yana cin ta kamar fara. Zamanin juyin juya halin Faransa, tsofaffin rubuce-rubucen coci da na gidajen sarauta, waɗanda aka yi a kan fata, an kwashe su da yawa an kai ma'aikatun soja aka yi jakunkunan albarushin igwa da su. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa in mun iso gida.

Yanzu ga inda labarin ya yi zafi.

Tsohuwar bindiga cikinta sumul yake, ƙwaya tana fita tana tangaɗi, in abu ya wuce mita ɗari sai dai sa'a. An daɗe da sanin cewa in aka yi tsaga a murɗe cikin bututu, ƙwayar za ta fita tana juyi ta tafi saiti, to amma dole ta matse, ɗurinta kuma ya zama wahala. Wajen 1849 wani kaftin na Faransa, Claude-Étienne Minié, ya fito da ƙwaya mai tsini wadda gindinta ke da rami: tana shiga da sauƙi, in wuta ta tashi sai gindin ya buɗe ya kama tsagar. Ingila ta ɗauki dabarar ta yi bindigar Enfield ta 1853, mai kashe mutum daga mita ɗari biyar ko fiye. A lokacin an riga an bar ƙanƙara an koma 'yar hular tagulla da ake ɗorawa a buga. Saura matsala guda: albarushi yana barin toka da dauɗa cikin bututu, bayan 'yan halbe-halbe ƙwaya ta ƙi shiga. Maganin shi ne a tsoma ƙarshen takardar, wajen da ƙwayar take, cikin kitse da kakin zuma.

Kitsen me? Nan fa ake yin ta.

Indiya a lokacin tana hannun wani kamfanin 'yan kasuwar Ingila, Kamfanin Gabashin Indiya, mai rundunarsa ta kansa. Sojojin ƙasa, da ake kira sipahi, sun ninka Turawan cikinta wajen sau biyar, kuma Hindu ne da Musulmi. A watan Janairu 1857, a barikin Dum Dum kusa da Kalkata, magana ta fita cewa sabon harsashin da kitsen saniya da na alade aka shafe shi. Labarin da ake bayarwa shi ne wani lebura ya roƙi ruwa wajen wani soja ɗan babban gida, sojan ya hana shi butarsa don kada ya ƙazantar da ita, sai leburan ya ce masa: kwana nawa ne, kai da za ka ciji kitsen saniya da bakinka? Saniya wajen Hindu abar girmamawa ce, wanda ya ci ta ya fita daga danginsa. Alade kuwa ba sai mun yi wa kowa bayani ba a wannan shafi. Ku sa kanku a matsayin sojan nan: kumandan ya ce ciza, kai kuma ka san abin da ake faɗi a bariki.

Da aka tambayi manyan hafsoshi, ba su iya tabbatar da irin kitsen da 'yan kwangila suka kawo ba. Suka ce to kowa ya shafa nasa da man shanu da kaki, suka kuma canza horo aka ce a yage da hannu maimakon haƙori. Amma an makara. Wanda ya ce maka daina cizo, ai ya amsa cewa da akwai abin ƙi a ciki. Sojoji suka fara zargin takardar kanta, suna cewa ƙyallinta ma na kitse ne. Ranar 29 ga Maris wani soja, Mangal Pandey, ya far wa hafsoshinsa a Barrackpore, aka rataye shi 8 ga Afrilu. A Meerut, ranar 24 ga Afrilu, mahaya 85 cikin 90 suka ƙi karɓar harsashi, alhali ma irin tsohon ne da suka saba da shi. Aka yanke wa galibinsu shekara goma da aiki mai tsanani, ranar 9 ga Mayu aka tuɓe musu kaki gaban 'yan uwansu, maƙera suka buga musu mari a ƙafa cikin rana. Washegari bariki ya tashi. Ranar 11 ga Mayu sun isa Delhi, suka ɗora tsohon sarki Bahadur Shah Zafar a matsayin jagora.

Mu a ganinmu masu cewa kitse ne ya jawo wannan yaƙi sun rage labarin. Shekara guda kafin nan kamfanin ya haɗiye masarautar Awadh, inda sojoji da yawa suka fito, ga ƙorafin albashi, ga sabuwar dokar da ta ce ana iya tura sabon soja hayin teku, ga tsoron cewa so ake a raba su da addininsu. Busasshiyar ciyawa ta riga ta taru. Sai dai duk waɗancan abubuwa na nesa ne, shi kuwa harsashi a baki ake sa shi. An yi fiye da shekara ana zubar da jini, kowane ɓangare ya yi ta'asa, ramuwar Ingila kuwa ta wuce misali, har ɗaure mutane aka riƙa yi a bakin igwa ana tayarwa. A 1858 aka karɓe mulki daga hannun kamfanin aka mayar wa gwamnatin Ingila, Bahadur Shah kuma ya mutu a tsare a Rangun a 1862.

To mu dawo gida.

Bindiga ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. A 1591 a Tondibi, kusa da Gao, rundunar Maroko ƙarƙashin Judar Pasha ta karya daular Songhai da bindigogi masu lagwani, ragowar Askiyoyi suka gangaro Dendi. Wajen wannan zamani Mai Idris Alauma na Barno yana da 'yan bindiga da Turkawa suka horar, kamar yadda limaminsa Ahmad ibn Fartuwa ya rubuta. Amma shekaru ɗaruruwa bayan haka, yaƙi a ƙasar Hausa na doki ne da mashi da takobi da baka. Kuma kakanninmu ba wauta suka yi ba. Kafin ɗan bindiga ya ɗura sau ɗaya, ɗan baka ya saki kibiya biyar ko shida, masu dafi, ba ya jiran ayari ya kawo masa kibau daga Tarabulus, kuma damina ba ta kashe masa makami.

Akwai shaidar gani da ido. A 1826 Baturen nan Clapperton yana tare da rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello lokacin da ta kai hari Konya, inda Gobirawa suke a lokacin. Ya ƙirga bindigogin rundunar duka arba'in da 'yan kai, a hannun bayi. Kowane zai matso ya halba, sannan ya ruga baya inda kibiya ba ta kaiwa ya tsaya ɗuri. Kun ji halba-ka-ruga tun asali. Su kuwa Gobirawa bindiga ɗaya tak gare su bayan ganuwa, amma ya ce ta yi ɓarna ƙwarai, ta kayar da mahayin da ke kan gaba, garin kuma bai ciwu ba ranar.

Wanda ya ɗauki maganar bindiga da gaske a ƙasarmu shi ne Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya yi dogon mulkinsa daga 1851 zuwa 1884. Damagaram tana bakin hanyar ayari mai tasowa daga Tarabulus ta Gadamas da Ghat da Abzin ta wuce Kano, don haka abin da ya ƙetaro hamada ita ke fara gani. Tanimun ya sayi bindigogi masu yawa, ya kafa rundunar 'yan bindiga daga cikin bayinsa, ya ja ganuwar Birni, kuma abin da ya fi ba maƙwabta tsoro, ya sa ana haɗa albarushi ana kuma zuba igwa a cikin garin da hannun maƙeran gida. Wanda ke son zurfafawa ya nemi littafin André Salifou na 1971 kan Damagaram a ƙarni na 19. Muna alfahari da wannan, kuma ya cancanta. Amma mu faɗi ɗaya gefen: bindigar nan ba kyauta Larabawa ke ba da ita ba. Da gashin jimina da fatu ake biya, da kuma mutane. Ƙauyukan da aka kai wa hari aka kwashi 'ya'yansu, su ma kakannin wasu ne cikin masu karanta wannan rubutu.

To me ya sa ɗurin da ya zauna a hannun mutanenmu ya zama na ƙaho da gora da tsumma, har zuwa hawan Sallar bana? Ga abin da muke gani. Takarda a wancan zamani bisa raƙumi take zuwa. A Italiya ake yin ta, mai tambarin jinjirin wata uku da ake gani in an ɗaga ta ga haske, ta biyo ta Tarabulus ko Masar. Barth, wanda ya zauna Damagaram a ƙarshen 1852 zuwa farkon 1853, ya ambace ta cikin hajar da ya gani a kasuwar Kano. Masu sayenta malamai ne, a kanta ake rubuta Alƙur'ani da littattafan fiƙihu da wasiƙun sarakuna da layu. Almajiri ma allo yake wankewa ya sake rubutu, don takarda ta fi ƙarfinsa. A ƙasar da har gobe dattijo in ya ga 'yar takarda mai rubutun Larabci a ƙasa zai duƙa ya ɗauke ya soke ta jikin danga, wa zai kwaso littattafai ya kai wa 'yan bindiga kamar yadda aka yi a Faransa? Sabuwa kuma ta yi tsadar da ba a ƙona ta sau uku a minti.

Ba takarda kaɗai ba. Harsashin takarda yana son bindigogi masu rami iri ɗaya, don abin da aka naɗa ya shiga kowace. Namu kuwa tarkace ne, wannan daga arewa, waccan daga bakin teku, irin masu arahar da ake ƙerawa a Birmingham da Liège musamman don kasuwar Afirka. Darma ma ba ta wadata ba, sai a ɗura guntayen ƙarfe ko tsakuwa. Albarushin kasuwa kuma mai rauni ne, sai mutum ya riƙa cikawa don ya ji ƙara. Shi ya sa bututu ke fashewa, shi ya sa kuma za ka ga ɗan bindiga yana miƙa ta nesa da fuskarsa yana kau da kai in zai halba. Mai kau da kai kuwa ba ya saiti.

Lokacin da ake wannan a nan, can an riga an wuce wurin. A 1866 a Sadowa, sojojin Prusiya masu bindigar da ake ɗurawa ta baya suka ragargaza na Ostiriya masu ɗuri ta baki. Sojan Prusiya yana kwance yake ɗuri, na Ostiriya sai ya miƙe tsaye. A shekarar Faransa ta fito da Chassepot, ita ma ta baya, harsashinta har lokacin na takarda. A 1874 aka mayar da ita Gras mai kwanson jan ƙarfe, zamanin takarda ya ƙare ke nan. A 1886 Lebel ta zo, mai cin harsashi da yawa, da sabon albarushi marar hayaƙi. Sannan a 1890 ƙasashen Turai suka taru a Brussels suka sa hannu kan yarjejeniya: a mafi yawan Afirka an hana sayar wa 'yan ƙasa bindigar zamani, amma an bar mai ƙanƙara da albarushin kasuwa. Da sunan yaƙi da cinikin bayi aka yi ta. Sai dai ku lura da shekarar, ku lura kuma da su waye ke shirin shigowa.

Shekara tara bayan haka suka iso. Ayarin Voulet da Chanoine ya bi ta Lugu, garin Sarauniya, a watan Afrilu 1899, ya yi kisan da har yau ba a manta ba a Birnin Ƙonni a watan Mayu, kafin sojojinsu su kashe su biyun a tsakiyar Yuli wajen Maijirgi, ƙasar Tasawa. Ragowar rundunar ta ci gaba. A ƙarshen Yuli, a Tirmini yamma da Damagaram, ta haɗu da mayaƙan Sarki Amadu Kuran Daga, wanda a zamaninsa aka kashe Kaftin Cazemajou a 1898, kuma wanda ya kai yaƙi har ƙasar Kano zamanin Sarki Alu. Ba ƙaramin sarki ba ne, mutanensa kuma ba ragwaye ba ne. Amma mai auna albarushi a tafin hannu yana tsaye cikin hayaƙin da ke nuna inda yake, ya gamu da mai zura kwanso ya rufe ya halba sau goma kafin shi ya gama ɗuri ɗaya. Damagaram ta faɗi, aka kashe sarkin a watan Satumba. A Afrilu 1900 Rabe ma ya faɗi a Kusuri.

Yau a Turai da Amurka harsashin takarda ya zama abin sha'awa. Akwai ƙungiyoyin masu halbin tsofaffin bindigogi, har da gasar ƙasa da ƙasa. Mutum zai zauna da daddare da ɗan itacensa da takarda da zare yana naɗi kamar 'yan matan Allegheny, ranar hutu ya je filin halbi ya gwada ko zai iya uku a minti. Wasu kuma su sa kakin sojan da, su sake buga yaƙin Waterloo don 'yan kallo, kamar yadda dubbai suka yi a 2015 da yaƙin ya cika shekara 200. A irin wannan wasa ba a sa ƙwaya, albarushi ne kawai cikin takarda an auna, kuma wurare da yawa ba a yarda a taɓa sandar ɗuri ba, don kada wani ya manta ta a ciki ta fita kamar mashi.

Mu kuwa bindigar ba ta zama wasa ba tukuna. Tana hannun mahalba, tana hannun 'yan bindigar fada, kuma a ƙauyukan Madarumfa da Gidan Rumji da sauran bakin iyaka, inda ɓarayin shanu da masu satar mutane ke shigowa da dare da Kalashnikov, sau da yawa ita kaɗai ce ke jingine bayan ƙofa. Tazarar da ke tsakanin baushe da abin da ke hannun ɗan ta'adda ta fi wadda aka gani a Tirmini. Riƙe bindiga dai sai da izinin hukuma, kuma wannan shafi ba wurin koyar da haɗa albarushi ba ne. Amma kusan kowane gari cikin garuruwanmu akwai wani mai guntayen yatsu ko ido ɗaya, in ka tambaya a ce bindiga ce ta fashe masa ranar Sallah ko ranar biki. In ka bi diddigi, dalilan ba su wuce 'yan kaɗan ba: an cika awo don ƙararsa ta fi ta abokinsa, ko an tsiyaya daga gora bisa garwashi, ko ɗuri bai zauna har ƙasa ba, ko an ɗura bisa tsohon ɗurin da aka manta, ko kuma an farke harsashin zamani an juye albarushinsa cikin bututun da maƙeri ya yi da bakin famfo. Wannan na ƙarshe shi ya fi muni, don albarushi marar hayaƙi ƙarfinsa ya ninka na toka nesa ba kusa ba, bututun gida ba ya ɗaukarsa.

Takardar da ta fi ƙarfin Sarki Tanimun, yau da ita ake ƙunsa tsire da ƙosai a tasha. In Allah ya kai mu hawa mai zuwa, masu zuwa kallo ku ɗan ja yara baya daga layin 'yan bindiga, ku kuma dubi hannun mai ɗuri, ku ga ko daga gora yake zubawa.